Tambaya da Amsa: Ina so in faɗaɗa ramin tsakuwa, amma gari sun ce sai na gyara tsohon tukunna

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru a kan haƙar tsakuwa da burji, to na haɗa masu kama da juna na zaɓi guda huɗu, ta farkon ce za ta ci mana wuri don amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Salam Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina da wurin haƙar tsakuwa da burji a bayan garinmu, mun daɗe muna aiki tifofi na ɗauka kullum, yanzu wurin ya kusa ƙarewa kuma maƙwabcina ya yarda zai sayar min da gonarsa da ke jikin ramin, za ta kai hekta 2. Matsalar dagaci ya ce mutanen gari ba za su yarda ba sai na cike tsohon ramin, ni kuma wallahi ban san da me zan cike shi ba tunda ƙasar ai an riga an sayar. Ya zan yi? Daga wani mai tifa a jihar Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, amin na gode. Zan faɗa maka tun farko, ni ina bayan dagaci a maganar nan, kuma in ka bi ni a hankali za ka ga gonar nan da kake shirin saye ita ce maganin tsohon ramin naka, in dai ba ka ɓata ta ba tun ranar farko.

Amma kafin nan maganar takardu, don ban ga ka ambace su ba. Sayen gona ya ba ka saman ƙasa ne kawai, abin da ke ƙarƙashi na gwamnatin tarayya ne, haka sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta sa yashi da tsakuwa da marmara da dutse duk a cikin abubuwan da ba a haƙarsu don kasuwanci sai da lasisi. Mutane da yawa suna ɗauka ma'adini sai zinare ko kuza, a'a, burjin nan da ake zubawa a titi shi ma yana ciki. Lasisin daga ofishin Kadasta na ma'adinai yake fitowa a Abuja, na shekara 5 ne ana sabuntawa, kuma yana da iyaka da safiyo ya auna aka rubuta. To ka ɗauko naka ka duba, in gonar maƙwabcin ta faɗo cikin iyakar shi ke nan, in ta fita ko da taku goma ne sai ka nemi sabo, tare da takardar amincewar mai fili. Rasit ɗin ƙungiyar 'yan tifa ko na ƙaramar hukuma da ake yanka muku a bakin hanya ba lasisi ba ne, ranar da jami'ai suka zo ba zai cece ka ba, kuma tun 2024 akwai runduna ta musamman daga Sibil Difens da aka ware don masu haƙa ba izini. Sannan ka duba abin da ke kewaye da gonar, doka ta hana haƙa a cikin gari ko kasuwa ko maƙabarta, ta kuma hana matsowa ƙasa da mita 50 kusa da titin gwamnati ko layin dogo ko dam.

To mu zo kan cikon. Alhaji babu wanda zai iya cike ramin nan ya koma daidai da yadda yake, kuma ina ganin shi ma dagacin ba haka yake nufi ba. Yi lissafi, hekta 1 murabba'in mita 10,000 ce, in ka haƙa zurfin mita 3 ka fitar da kibik mita 30,000 na ƙasa ke nan, tifa mai ɗaukar kibik 10 sai ta yi sawu 3,000 kafin ta mayar, kuma ƙasar da za ka kawo ɗin daga wani wuri za ka haƙo ta, ka ga ka buɗe wani ramin don rufe wannan. Abin da mutanen gari suke tsoro shi ne gaɓa mai tsayi da yaro ko saniya za su faɗa, da ruwa mai zurfi da ke kwanciya da damina, da zaizayar da ke cin gonakin gefe kaɗan kaɗan har ta zama kwazazzabo. Waɗannan kuwa duk suna gyaruwa ba sai an cike ba.

Ka je bakin ramin naka ka tsaya ka kalli jikin gaɓar da kyau. Can sama za ka ga wani layi mai duhu, bai fi tafin hannu ɗaya ko biyu ba, da 'yan saiwoyi suna leƙowa, ƙarƙashinsa jar ƙasa mai laushi wadda ba ta da kasuwa sosai, sai can ƙasa burjin da kake nema. Wannan siririn layi mai duhu shi ne gonar gaba ɗaya, a cikinsa taki yake, da irin ciyawa, da ƙananan halittun da ke sa ƙasa ta yi rai, kuma shi ne abin da direban katafila yake fara turawa ya cakuɗa da komai, ko a sayar wa masu fulawa da masu ciko a araha. Tsohon raminka ya rasa nasa, ya tafi. Amma sabuwar gonar tana da nata, in kaurinsa santimita 20 ne to hekta 2 za ta ba ka kibik 4,000 na ƙasa mai rai, ban da jar ƙasar da ke bin ta. Don Allah kar ka sayar da ko shebur ɗaya.

Yadda za ka yi, kar ka buɗe gonar duka lokaci guda, raba ta yanki yanki kamar huɗu ko biyar. Yanki na farko a kankare ƙasar sama ita kaɗai a ajiye gefe, a kankare jar ƙasa daban, jar ƙasar a tura ta gindin gaɓar tsohon rami a kwantar da gaɓar da ita, a kuma fasa leɓen saman a turo shi ƙasa har gangaren ya zama duk tsayin mita 1 yana da kwanciyar mita 3, wato yadda tsoho da sandarsa zai sauka ya hau ba tare da ya dafa ƙasa ba. Daga nan sai ƙasan ramin, wanda tayoyin tifa suka daddanne shekara da shekaru ya zama kamar daɓe, dole a sa haƙoran katafila a tsage shi tukunna, in ba haka ba duk ƙasar da ka baje a kai ruwa zai kwanta a tsakaninsu saiwa kuma ba za ta ratsa ba, mutane da yawa a nan suke asarar kuɗinsu su ce ai mun gwada bai yi ba. Bayan an tsage sai a baje ƙasar sama. Kana gama cin yanki na farko sai ƙasar yanki na biyu ta rufe shi, na uku ya rufe na biyu, haka haka, ramin yana tafiya gaba gyara yana bin sa a baya. Gaskiya ƙasar ba za ta ishi ko'ina ba tunda an ci bashin tsohon rami, to inda ta gaza sai a cike da takin gida da shara mai ruɓewa, wuri mafi zurfi kuma a bar shi ya zama matattarar ruwa guda ɗaya mai kwantacciyar gaɓa maimakon ƙananan ramuka ko'ina. In dole ta sa ka tara ƙasar sama ta jira, kar tulin ya wuce mita 2, kuma ka watsa masa wake ko gamba don iska da ruwa kar su kwashe.

Abin da ya sa nake nacewa a yi gyaran ana cikin aiki, kuɗi ne. Yau katafila tana wurin, direba yana wurin, ciniki yana shigowa, ƙarin awa biyu ko uku a sati ba zai karya ka ba. Ranar da burji ya ƙare kuwa babu mai biyan kuɗin motar da za ta ɗauko katafila da man dizal don aikin da ba ya kawo ko sisi, shi ya sa duk wanda ya ce sai an gama zai gyara, ko da niyyarsa mai kyau ce, da wuya ya gyara. Ka ware wani abu a kan kowane sawun tifa, a asusu daban da ba ka taɓawa. Dama dokar 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gabatar da tsarin kare muhalli da gyaran wuri, ya kuma riƙa zuba kuɗi a asusun da aka tanada don haka, to naka na gida ƙari ne don kar ka kunyata.

Maganar shuka kuwa ba sai mun je nesa neman ilimi ba, 'yan uwanmu na Nijar sun riga mu. A yankin Tahoua, faƙon da ko ciyawa ba ta fitowa sun farfaɗo da shi da tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba taki a ciki a shuka, da kuma ramuka masu siffar rabin wata da ake tonawa a gangare don tare ruwan sama, aikin farfaɗo da ƙasa na garin Keita da aka fara a 1984 da irin waɗannan dabaru da jeren duwatsu ya yi suna. A Maradi kuma sassaben zamani, barin kututturen da ya tofo a gyara shi ya zama bishiya. Duk za su yi maka aiki a nan. A gangare ka jera gamba ko jema a kwance suna tare ruwa, a fili ka sa bagaruwa da gawo da darbejiya, shekarun farko ka noma wake ko gyaɗa kafin ka yi tunanin masara. Itacen turare kam ban cika son shi a irin wannan wuri ba in ana so ƙasa ta koma gona, a Filato an dasa shi da yawa a wuraren da aka haƙi kuza, ya tashi ya ba da itace, amma yana shan ruwa sosai kuma ƙarƙashinsa amfanin gona ba ya jin daɗi. Sannan awaki, in ba ka killace ba ko ka sa mai gadi rani biyu na farko, to ka yi wa awakin gari dashe ne.

Abu ɗaya kan aikin kansa wanda ba zan iya tsallakewa ba. Ka hana 'yan diga cin gindin gaɓa. Sukan rarake ƙasa su bar saman yana rataye don ya faɗo da kansa a samu lodi da sauri, wasu ma har su zauna a inuwarsa su ci abinci da rana, kuma irin wannan gaɓar ba ta gargaɗi, musamman bayan ruwan sama. A riƙa ci daga sama zuwa ƙasa hawa hawa, kowane hawa kar ya fi inda hannun injin ke kaiwa, tifa kuma kar ta tsaya a leɓen rami.

In ka shirya duk wannan sai ka koma wurin dagaci da shi a rubuce, yanki kaza wata kaza, a sa hannu gaban hakimi da wakilan matasa da na mata. Dokar ma ta tanadi yarjejeniya tsakanin mai lasisi da al'ummar wurin, ana sake duba ta duk shekara 5. Kuma shawarata ka fara kwantar da gaɓa ɗaya ta tsohon ramin, wadda ta fi kusa da hanyar yara, kafin ka taɓa sabuwar gonar, su gani da idonsu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona ba a raba ba tukunna, wani ɗan kwangilar titi ya zo yana so ya ɗebi burji na shekara ɗaya zai biya kuɗi masu kauri kuma ya ce in ya gama zai gyara. Yayyena maza sun amince, ni hankalina bai kwanta ba amma an ce in yi shiru. Ina da ta cewa? Daga wata 'yar uwa a jihar Jigawa.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku ya sa ya huta. Hajiya kina da ta cewa ƙwarai, gonar da ba a raba ba ta magada ce duka, kuma wannan ba haya ba ce irin ta noma da mutum zai girbe ya bar miki gonarki, jikin gonar ne za a loda a mota a tafi da shi. Hankalinki da bai kwanta ba yana da dalili, duk mai bin manyan titunanmu ya san ramukan nan da ke gefe, jajaye, ko tsinke ba ya fitowa, da damina su cika da ruwa, kusan kowanne gonar wani ce da aka ce masa za a gyara.

Ba na ce ku ƙi ba, wataƙila kuna bukatar kuɗin kuma titin ma amfanin kowa ne. Amma ki roƙi yayyenki cikin ladabi, ko ki bi ta wurin kawu ko baffan da suke jin maganarsa, a rubuta komai. A auna iya inda za a haƙa a kafa alama, a rubuta zurfin da ba za a wuce ba, a rubuta cewa ƙasar sama taku ce za a tara ta a gefe a mayar, a ƙirga bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ɗorawa da kaɗanya da kuka da mangwaro, don doka ta ce a biya diyyar amfanin gona da itatuwa masu amfani daban. Ku ɗauki hotunan gonar da waya ta kowane ɓangare kafin katafila ta shiga. Mafi muhimmanci, kuɗin gyara a ajiye shi tun yanzu a hannun wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, kuma a rubuta cewa injin ba zai bar wurin ba sai an baje ƙasa kun gani kun gamsu. In ya ƙi wannan sharaɗin to kin samu amsarki. Ku kuma nemi ya nuna muku takardar izininsa, da wuri ɗaya da ya taɓa haƙa ya gyara, wani daga cikinku ya je ya gani.

Ki kuma sani ko an yi gyaran yadda ya kamata gonar za ta ɗauki shekaru kafin ta dawo da ƙarfinta, to kuɗin da za ku karɓa a lissafa har da damunan da za ku rasa bayan ya tafi, kuma kasonki a ba ki a hannunki.

TAMBAYA: Injiniya akwai tsohon ramin burji a unguwarmu da ke tara ruwa, mu matasa muna so mu mayar da shi wurin kiwon kifi da lambu, zai yiwu? Daga wani matashi a Kano.

AMSA: Zai yiwu ƙanena, kuma na ji daɗin tunanin. A Jos da Bukuru tafkunan da haƙar kuza ta bari da su ake noman rani na kayan lambu, a Mpape ta Abuja kuma tsohon wurin fasa dutse ya zama wurin shaƙatawa da mutane suka yi ta tururuwa a 2020. Amma ku fara sanin mai filin ku samu izininsa a rubuce, don ranar da kifi ya fara kawo kuɗi masu wuri za su fito. Sannan ku kafa sanda mai alama a cikin ruwan ku lura da shi tun daga ƙarshen damina har watan Maris ko Afrilu, ƙasan burji yakan tsotse ruwa, in ya ƙafe da wuri to zubi ɗaya na tarwaɗa kawai za ku samu, kar ku ci bashi a kan biyu. Ku duba ko ana zuba shara ko baƙin mai ko ruwan kwata a ciki, in ana yi sai an tsayar kuma a kai ruwan a gwada kafin a sa kifin da mutane za su ci.

Kafin kifi kuwa, shinge da kwantar da gaɓa. Kai ɗan Kano ne ka san duk damina sai an ji hukumar kashe gobara ta ciro yaro daga kududdufi, ramin burji ya fi haɗari ma don gefensa a tsaye yake, taku ɗaya daga ruwa iya gwiwa sai zurfin da ya shanye mutum. Ku hana wanka, saboda nutsewa da kuma tsargiya, ku riƙa cire ciyawar bakin ruwa inda sauro da dodon koɗi ke samun mafaka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, gidajenmu suna kan hanyar da tifofi ke bi zuwa ramin tsakuwa, ƙura ta hana mu shanya, yara tari ba ya ƙarewa, ga gudu, kuma ramin kullum matsowa yake. Mun yi magana an ce suna da takarda daga Abuja. Shi ke nan ba mu da yadda za mu yi? Daga wani malamin makaranta a jihar Nasarawa.

AMSA: Malam akwai yadda za ku yi. Takardar Abuja izinin haƙa ce a cikin iyaka da sharuɗɗa, ba ta ba kowa damar shaƙe ku da ƙura ba. Abin da za ku nema ba mai tsada ba ne, tankar ruwa ta jiƙa hanya safe da yamma da rani, a rufe lodi da tamfol, a sa tudun rage gudu a bakin makaranta da masallaci, a tsayar da zirga-zirga lokacin tafiya makaranta da tashi, a kuma bar tazara tsakanin rami da gidaje da za a yi tudun ƙasa a dasa itatuwa a kai. Ƙurar dutse da yashi in ta daɗe tana shiga ƙirji tana yi wa huhu illar da ba ta warkewa, su kansu ma'aikatan sun fi ku shiga haɗari, yaran da tarinsu ya wuce sati biyu kuma a kai su asibiti a duba.

Ku fara da zama da mai wurin ta hannun mai unguwa, ku nemi ganin lasisin da taswirar iyakarsa da yarjejeniyar da ya yi da al'umma. In bai saurare ku ba ku rubuta koke, da kwanan wata da hotuna da sa hannun magidanta, ku kai ofishin ma'adinai na tarayya da ke jiharku, ku kai kwafi ga kwamitin ma'adinai da muhalli na jiha, da ma'aikatar muhalli, da ofishin NESREA, hukumar tarayya mai sa ido kan dokokin muhalli, wadda ke da ƙa'idoji na musamman kan wuraren haƙa da fasa dutse tun 2013. Kowane ofis ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku ku ajiye. Kar matasa su tare hanya ko su taɓa motar kowa, da an yi haka magana za ta tashi daga ƙura ta koma ofishin 'yan sanda. Ku kuma kafa turaku a tsakanin gidan ƙarshe da bakin ramin ku auna tazarar duk wata ku rubuta, wannan ma'aunin ku haɗa shi da koken.